« Shekarunka nawa? » Nazari kan neman shaidar shekaru a wurin ciniki

Taƙaitawa

Ƙasashe da dama sun ɗora wa mai kanti nauyin neman takardar shaidar shekaru kafin ya sayar da taba, giya da wasu kayayyaki. Wannan ƙasida tana duba wannan buƙata ta fuskar kimiyyar harshe: yadda dokoki suka tsara ta, irin aikin da take yi a cikin zance, da matsalolin da ke tasowa idan an zo faɗinta ko rubuta ta da Hausa.

0. Gabatarwa

A galibin ciniki, mai sayarwa ba ya buƙatar sanin ko wane ne mai saye. An yi tayi, an sallama, an biya, an rabu. Amma akwai kayayyakin da doka ta ware, ta ce ba kowa za a sayar wa ba, kuma ma'aunin da ta ɗauka shi ne shekarun haihuwa. Daga nan sai wata tambaya ta shigo tsakiyar ciniki, wadda a da ba ta da wurin zama a ciki.

Tambayar gajera ce, amma ta haɗa abubuwa uku da suka shafi mai nazarin harshe. Na farko, aiki ne da ake yi da magana, kuma yana taɓa mutuncin wanda aka yi wa. Na biyu, ta dogara ga ma'anar kalmomi irin su « mineur » da « majeur », waɗanda ba su da takwara kai tsaye a Hausa. Na uku, tana fifita rubutacciyar takarda bisa maganar baki da ganin ido. Za mu fara da dokokin Faransa, Birtaniya da Amurka, inda al'adar ta fi kafuwa, sa'an nan mu dawo Nijar. Jimlolin da muka sa wa lamba mu muka tsara su domin misali.

1. Abin da dokoki suka ce

1.1. Faransa

A shekarar 2003 Faransa ta hana sayar da taba ga wanda bai cika shekara 16 ba. Dokar 21 ga Yuli 2009 ta ɗaga iyakar zuwa 18, ga taba da kowane irin abin sha mai sa maye. Wanda ya sayar wa ƙaramin yaro giya yana iya biyan tarar yuro 7.500. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne aikatau ɗin da aka yi amfani da shi. A rubutun 2009 an ce mai sayarwa « peut exiger », wato yana da damar neman shaida. Dokar 26 ga Janairu 2016 ta cire kalmar « peut », aka bar « exige » kaɗai. A faransancin shari'a, aikatau na lokacin yanzu yana ɗauke da ma'anar wajibci. Cire kalma ɗaya ke nan ya mai da izni ya zama tilas. Za mu ga tasirin wannan a sashe na 2.

1.2. Birtaniya

Iyakar sayen giya a Birtaniya shekara 18 ce, kuma a watan Oktoba 2007 aka ɗaga ta taba daga 16 zuwa 18 a Ingila, Wales da Scotland. Tsarin katin ɗan ƙasa da aka kafa a 2006 an soke shi a 2010, saboda haka abin da aka saba nunawa shi ne fasfo, lasisin tuƙi mai hoto, ko wani katin shaidar shekaru mai hatimi na musamman. Ƴan kasuwa da kansu suka fito da wata ƙa'ida da ake kira Challenge 25: duk wanda mai kanti ya ga kamar bai kai shekara 25 ba, sai ya nemi shaida, ko da yake iyakar doka 18 ce. A Scotland an mai da wannan ƙa'ida dole ga masu sayar da giya tun 2011.

1.3. Amurka

A Amurka ana jefa ƙuri'a da shekara 18 tun 1971, amma dokar tarayya ta 1984 ta sa jihohi suka tsai da 21 ga giya, kuma a Disamba 2019 aka kai taba ita ma zuwa 21. Tun ƙarshen Satumba 2024, mai sayar da taba yana duba katin duk wanda bai kai 30 ba. A da 27 ne. Al'adar ta shiga jiki har Ingilishin Amurka ya samar da aikatau daga sunan kati, mai ma'anar « neman shaidar shekaru ». Idan harshe ya keɓe wa aiki kalma guda, alama ce cewa aikin ya zama ruwan dare.

1.4. Yarjejeniyar duniya da Nijar

Yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2003 ta kuma fara aiki a Fabrairu 2005, ta keɓe aya ta 16 ga wannan batu. Daga cikin matakan da ta ambata akwai kafa sanarwa bayyananniya a wurin sayarwa, da neman shaida idan an yi shakka. Ta kuma nemi ƙasashe su yi ƙoƙarin hana sayar da sigari kara-kara, domin shi ne ke sa yaro ya iya saye da ƴan kuɗin da ke hannunsa. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 2005, kuma dokarta ta yaƙi da taba ta 15 ga Mayu 2006 ta hana sayar wa ƙananan yara. Najeriya ma ta tsai da shekara 18 a dokarta ta 2015. Ashe ke nan batun ya shafe mu a rubuce, ko da yake wanda ya san teburan taba na Maraɗi ko na Damagaram ya san tambayar ba ta zama al'ada ba.

2. Tambayar a matsayin aikin magana

Mu duba waɗannan jimloli:

(1) Vous avez une pièce d'identité ?
(2) Akwai takardar shaida?
(3) Shekarunka nawa?

Ta fuskar siga, (1) da (2) tambayoyi ne da amsarsu i ko a'a. Amma wanda ya amsa « i » ya tsaya nan bai amsa ba, domin abin da ake nufi shi ne ya fito da takardar. Wannan shi ne abin da Searle ya kira aikin magana na kaikaice: siga ta tambaya, ƙarfi na umurni. Jimla ta (3) kuwa tambaya ce ta gaskiya, sai dai doka ba ta gamsu da amsarta ba, tun da mai amsawa yana da moriya a cikin yin ƙarya.

Austin ya nuna cewa aikin magana ba ya yin nasara sai mai yinsa yana da hurumi. A ƙasarmu, wanda aka san yana cewa « kawo takardu » shi ne ɗan sanda ko jandarma a shingen hanya. Mai kanti kuwa shi ke lallashin mai saye, yana yi masa maraba, yana neman ya dawo gobe. Dokar ta ara wa mai kanti muryar hukuma na ɗan lokaci, ba tare da ta ba shi kaki ba. Wannan juyewar matsayi ita ce tushen yawancin ɓacin ran da ake samu a bakin kanti.

Akwai kuma abin da ba a faɗa ba. Bisa rabe-raben Ducrot, ya kamata mu bambanta abin da jimla ta ɗauka tabbatacce (présupposé) da abin da mai sauraro ke tsinkaya daga yanayin furuci (sous-entendu). Babu kalma ɗaya a (1) da ta ce mai saye yaro ne. Shi ne ke lissafi a ransa: « Me ya sa ni aka tambaya, ba a tambayi na gabana ba? Ashe an ɗauke ni yaro, ko kuma ba a yarda da ni ba. » A harshen Brown da Levinson, tambayar tana barazana ga fuskar mutum ta hanya biyu: ta tilasta masa yin abin da bai yi niyya ba, ta kuma rage darajar da yake son a gan shi da ita. Da Hausa muna iya cewa ta taɓa mutuncinsa.

A nan ne sauyin 2016 na Faransa yake da ma'ana. Idan mai magana yana da zaɓi, zaɓin da ya yi yana ɗauke da saƙo. Muddin doka ta ce « yana iya nema », duk wanda aka tambaya ya san an zaɓe shi ne. Da ta ce « yana nema », sai mai kanti ya sami mafaka: ba ra'ayinsa ba ne, aikinsa ne. Ƙa'idar Birtaniya ta bi wata hanya zuwa wuri guda. Ta bar tazarar shekara 7 domin kuskuren ido, ta kuma sauya abin da ake tsinkaya daga « ka yi kama da yaro » zuwa « ka yi kama da wanda bai kai 25 ba », abin da mutane da yawa ba sa jin haushinsa.

Hausa tana da kayan aikin da ya dace da wannan mafaka, wato wakilin suna na boye « a, an, aka ». A gwada:

(4) Nuna mini takardarka.
(5) Yi haƙuri, samari, an ce mu riƙa duba takarda.
(6) Gafarta Malam, doka ce aka kawo mana, kowa muna tambaya.

A (4) mai kanti ya fuskanci mai saye shi kaɗai. A (5) da (6) ya mai da kansa mai isar da saƙon wani, ya fara da ban haƙuri, kuma a (6) kalmar « kowa » ta kashe tsinkayen zaɓe. A lura kuma da kalmar kira. Mai kanti da ya ce « yaro », « samari », « ƙanena », « Malam » ko « Baba » ya riga ya yanke hukunci kan shekarun abokin cinikinsa tun kafin a yi zancen takarda, kamar yadda zaɓi tsakanin « tu » da « vous » ke yi a Faransanci. Ba zai yiwu a ce da mutum « Baba » sa'an nan a tambaye shi (3) ba. Kunya ta hana.

3. Matsalar ma'ana: yaro, baligi, « mineur »

Kalmar « mineur » tana da iyaka guda, mai kaifi: jiya mutum yana ciki, yau ya fita, ko da jikinsa da hankalinsa ba su sauya ba. Kalmomin Hausa na matakan rayuwa ba haka suke aiki ba. Muna iya raba su gida biyu.

Gida na farko shi ne na zamantakewa: jariri, yaro da yarinya, saurayi da budurwa, magidanci, dattijo, tsoho da tsohuwa. Abin da ke fitar da mutum daga wani mataki zuwa wani shi ne yaye, aure, kafa gida, furfura. « Yaro » ma kalma ce ta dangantaka: mai shekara 40 yana iya zama yaron Alhaji wane a kasuwa, kuma dattijo yana kiran magidanci yaro ba tare da zagi ba. Waɗanda suka san ƙungiyoyin Samariya na zamanin Seyni Kountché (1974-1987) sun tuna cewa ba a duba takardar haihuwa kafin a kira mutum ɗan samariya.

Gida na biyu shi ne na fiƙihu: balaga, baligi. A mazhabar Malikiyya ana gane balaga da alamomin jiki. Idan ba su bayyana ba, mashhurin zance shi ne a jira cikar shekara 18. Wannan adadi ya yi daidai da na dokar zamani, amma daidaiton na yaudara ne. Na ɗaya, a fiƙihu adadin madogara ce ta ƙarshe, alamomi ne a gaba. Na biyu, shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka shekara 18 ta hijira tana cika wata shida da rabi kafin ta miladiyya.

Sakamakon wannan ga mai fassara a fili yake:

(7) An hana sayar da taba ga wanda bai balaga ba.
(8) An hana sayar da taba ga ƙananan yara.
(9) An hana sayar da taba ga ƴan ƙasa da shekara 18.

Jimla ta (7) ta buɗe ƙofa ga ɗan shekara 15 da ya balaga, alhali shi ne dokar ta fi nufi, domin a wannan tsakanin ne akasari ake fara shan taba. Jimla ta (8) tana sa mai karatu ya hango yaran firamare. Jimla ta (9), wadda ake ji a rediyo, tana da wata illa a rubuce. A baki, « ƙasa » mai ma'anar ƙarƙashi tana ƙarewa da gajeren wasali mai karin sauti ƙasa, « ƙasa » mai ma'anar watan kuwa da dogon wasali mai karin sauti sama. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya, saboda haka ido yana fara karanta « ƴan ƙasa » da ma'anar « citoyens » kafin ya gyara.

Akwai kuma bambanci tsakanin « shiga » da « cika ». Wanda ya ce ya shiga shekara 18 gaskiya ya faɗa tun washegarin cikarsa 17. Abin da Faransanci ke nufi da « dix-huit ans révolus » shi ne « cika ». « Kai » tana tsakani, tana karɓar ma'ana biyun.

4. Takarda da « né vers »

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Dokar shaidar shekaru ta ƙara mataki: takarda ta kori gani. To amma wace takarda?

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya ya nuna cewa a 2006 kashi 32 cikin 100 na yaran Nijar da ba su cika shekara 5 ba aka yi wa rajistar haihuwa. A 2012 adadin ya kai 64. Ci gaba ne babba, amma ma'anarsa ita ce matasa masu yawa da ke kewayen shekara 18 a yau ba a rubuta haihuwarsu a kan lokaci ba. Dokar 2019 ta ba da wa'adin kwana 60 na bayyana haihuwa. Wanda wa'adi ya wuce shi sai ya bi ta gaban alƙali, a yi masa hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, wanda aka sani da « jugement supplétif », bisa maganar shaidu.

Shaidun kuwa da wane ma'auni suke lissafi? Iyayenmu suna jingina haihuwa ga aukuwa: damina kaza bayan rasuwar sarki, shekarar fari, shekarar Kakalaba (1913-1914) ga mutanen da, ko yunwar 1984 da ake kira da sunan Buhari saboda rufe iyaka. Ma'aikaci shi ke juya wannan ya zama adadi, ya rubuta « né vers », wato an haife shi wajejen shekara kaza. Da fom da kwamfuta suka ƙi karɓar shekara ba rana ba wata, sai aka riƙa cike gurbin da 1 ga Janairu. Ta haka « wajejen » ta ɓace daga rubutu, kintace ya ɗauki kamannin tabbas.

Ga mai nazarin harshe, irin wannan hukunci aikin magana ne na ayyanawa: furucin alƙali shi ke kafa ranar da hukuma za ta yi aiki da ita. Mai kanti da ya duba kati yana tabbatar da abin da hukuma ta ayyana ne, ba ranar da ungozoma ta yanke cibiya ba. Wannan bai rushe amfanin takarda ba, domin ta fi kintacen ido daidaito, kuma ta raba gardama. Sai dai duk dokar da ta ce « ba takarda, ba ciniki » tana faɗawa kan mutane biyu daban: yaron da ake son karewa, da babban da ba shi da takarda.

5. Ɗan aike

Dokokin da muka gani sun ɗauka cewa mai saye shi ne mai amfani. Inda suka hango akasin haka, kamar a Ingila, sun hango babba yana saya wa yaro, suka mai da shi laifi. A wurinmu abin ya juya: yaro ne ke saya wa babba.

(10) Baba ya ce a ba shi kara biyu.
(11) Aiko ni aka yi.

A (10) bakin na yaro ne, maganar ta Baba ce. Wannan shi ne bambancin da Goffman ya yi tsakanin mai furtawa da mai alhakin magana. Aike kuwa ginshiƙi ne na tarbiyya, kuma a gidajen da mata ke kulle yara ne ƙafafunsu a kasuwa, su ke talla, su ke sayayya. Mai tebur da ya ƙi sayar wa ɗan aike, a idon unguwa ba yaron ya hana ba, ubansa ya hana. Ga shi kuma jimla ta (11) kowane yaro yana iya faɗinta, ba kuwa takardar da za ta gaskata ta ko ta ƙaryata ta. Sanarwar da ba ta ambaci aike ba ta bar babbar kafa a buɗe, domin mai karatu Bahaushe zai fahimci cewa hanin bai shafi ɗan aike ba.

6. Shawarwari kan fassara

Kundin da aka ƙaddamar a Nijar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Fassarar dokoki da sanarwa za ta ƙaru, kuma kalmar da aka fara kafawa a bango tana da wuyar cirewa. Bisa abin da ya gabata, muna ba da wannan siga:

(12) An hana sayar da taba ga wanda bai cika shekara 18 ba, ko da aiko shi aka yi. Doka ta wajabta wa mai sayarwa ya nemi takardar shaida idan ya yi shakka.

Ta yi amfani da « cika », ta kauce wa « balaga » da « yaro », ta rufe kafar aike, ta kuma ɗora alhaki kan doka domin mai kanti ya sami abin nunawa da yatsa. Adadin 18 a rubuta shi da manyan lambobi, domin wanda bai iya boko ba yana gane lamba, kuma yana da kyau a haɗa da ajami. Ga ƙamus na shari'a muna ba da shawarar:

mineur: wanda bai cika shekarun doka ba
majeur: wanda ya cika shekarun doka
majorité: cikar shekarun doka
preuve de majorité: shaidar cikar shekaru

Sun fi na Faransanci tsawo, amma suna da fa'ida: « shekarun doka » ba ta ɗaure da adadi ɗaya ba, tana aiki ko iyakar 18 ce ko 21, kuma ta bar « balaga » ga fagen fiƙihu inda ma'anarta ta riga ta zauna.

7. Kammalawa

Mun ga cewa nauyin tambayar shekaru ya dogara ga ko mai tambaya yana da zaɓi, cewa kalmomin Hausa na matakan rayuwa ba sa yanka iyaka inda doka ke yankawa, kuma cewa takarda da aike suna da matsayi na daban a wurinmu. Aikin da ya dace ya biyo baya na fili ne. Ɗalibanmu masu shirya kundin digiri suna iya ɗaukar muryoyin ciniki, da iznin masu shi, a teburan taba, kantuna da farmasi na Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram, su duba kalmomin kira, sigogin ƙin sayarwa da yadda ake karɓar jimla irin ta (11). Sa'an nan a gwada siga ta (12) ga masu karatu daban-daban, a ji abin da kowa ya fahimta, kafin a kai ta ga maɗaba'a.